Daga Ƙirgen Wuri zuwa Littafin Akanta: Tarihin Koyon Lissafin Kuɗi a Ƙasar Kano

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe ya mallaki ilmin lissafin dukiya. Da wuri ake ciniki, ana ƙirga shi zambar-zambar, har zambar ashirin ta cika keso guda. Yaro kan koyi wannan a gindin ubangidansa ko a ayarin madugu, watau a ka ake riƙe lissafi, amana kuwa ita ce shaida.

Abu biyu suka sauya wannan hali. Na farko shi ne kafa Baitulmali a zamanin Sarkin Kano Abbas (1903-1919), inda aka yanka wa hakimai albashi, aka wajabta rubuta kowane kuɗin shiga da na fita. Haraji da jangalin da dagatai suka tara a ƙasar Rano da Kibiya, har ƙauyuka irin su Madaci, sai sun bi ta hannun malamin haraji kafin su isa ga Ma'aji. Makarantar Ɗan Hausa, wadda aka buɗe a Nasarawa a 1909, tana cikin masu samar da irin waɗannan malamai.

Na biyu shi ne isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da bunƙasar cinikin gyaɗa. Kamfanonin Turawa kan ba dillalai jari, su kuma su rarraba wa yaransu a ƙauyuka. Bashi mai hawa-hawa irin wannan ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa, dole sai da littafi.

Daga nan neman akawu ya yawaita. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, wadda ta zama Cibiyar Koyar da Sha'anin Mulki ta Kongo. Amma guraben gwamnati kaɗan ne, saboda haka ƙananan makarantun kasuwanci na masu zaman kansu suka cike giɓin. A nan ɗan talaka kan koyi tafireta da tsarin rubuta kowane ciniki sau biyu, wanda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa a Italiya a 1494, sannan ya zauna jarrabawar RSA ta Ingila. Dokar 1965 da ta kafa ICAN ta mai da aikin akanta sana'a mai sharuɗɗa.

Sai dai wannan ilmi da Turanci ya shigo, da Turanci kuma ake koyar da shi har yau, alhali ɗan kasuwar da za a yi wa aikin da Hausa yake tunani. Kalmomi irin su jari, uwar kuɗi, riba, hasara, lamuni da jingina suna nan da ransu a kasuwar Kurmi da ta Rano. Matuƙar masana harshe da malaman akanta ba su haɗu sun gina ƙamus a kan wannan gado ba, mai dukiya zai ci gaba da sa hannu a littafin da ba ya iya karantawa.