Dodo Bai Cika Fitowa da Wuri Ba

Ɗalibin da ke nazarin yadda finafinan ban tsoro ke farawa yakan nufi Jaws na Spielberg (1975), inda ake jin kiɗa, a ga ruwa, amma ba a ganin kifin da ake tsoro. Dabarar ɓoye abin tsoro kuwa ta daɗe a ƙasar Hausa. A ƙauyukan Batsari da Safana, irin su Darini, kusa da dajin Rugu, da dare ake yin tatsuniya, kuma Dodo bai cika bayyana a farkonta ba. Dubi labarin budurwar da ta ƙi auren mai tabo: baƙo kyakkyawa ne ke fara isowa, sai an yi nisa cikin daji kamanninsa ke sauyawa. Tun 1911 Frank Edgar ya fara buga irin waɗannan labarai.

Za a ce ai tatsuniya ta yara ce, ba ta da kyamara. Haka ne, amma aikin ɗaya ne: jinkirta abin da mai sauraro ya riga ya zarga. Kannywood, da ta soma da Turmin Danya a 1990, ta fi karkata ga soyayya, ta bar wannan gado kusan ba a taɓa ba.