Yaƙutu da Murjani: Asalin Sunayen da Aka Ciro daga Jan Dutsen Ado

A cikin Suratur Rahman, aya ta 58, an ambaci yaƙutu da murjani a jere, inda aka kamanta kyan matan Aljanna da su. Kalmomin nan biyu duk sun shigo Hausa, kuma duk sun zama sunayen mutane a ƙasashen Musulmi. Amma ba su yi rabo ɗaya ba. A ƙasar Hausa da wuya mutum ya ratsa unguwa bai ji an kira Murjanatu ba, alhali kuwa Yaƙutu sai a littafi. Wannan bambanci yana da tarihi, kuma wanda ya ɗauka cewa sunan dutse mai tsada sunan ɗan gata ne a ko'ina, lalle zai karanta littattafan tarihin Larabawa a karkace.

Mu fara da kalmar kanta. Yaƙutu ba Larabci ba ne a asali. Tushensa kalmar Yunananci ce, watau hyakinthos, sunan wani fure da kuma wani dutse mai launin shuɗi-shuɗi. Ta bi ta bakin Suriyanawa da Farisawa kafin ta iso ga Larabawa. Saboda haka ne masana duwatsu na da ba su keɓe yaƙutu ga ja kaɗai ba. Albiruni, wanda aka haifa a 973, da Attifashi, wanda ya rasu a 1253, sun kasa shi iri-iri: akwai ja, da rawaya, da shuɗi, da fari. Sai dai sun haɗu a kan cewa ja ya fi duka daraja, irin wanda a kan kawo daga tsibirin Sarandib, watau Siri Lanka ta yanzu. Da tafiya ta yi tafiya, in aka ce yaƙutu ba a ƙara kome ba, jan ake nufi. Ya kamata malamai su gargaɗi ɗalibansu cewa sunan ba shi da dangantaka da Yakubu, wanda asalinsa Ibrananci ne, ko da yake kunne ya kan so ya haɗa su.

To, su wa aka raɗa wa Yaƙutu? Galibi bayi. A zamanin Abbasiyawa da bayansu, al'adar masu dukiya ita ce in sun sayi yaro su kau da sunansa na gida, su sa masa sunan wani abu mai tsada, dutse ko turare. Jauharu wanda ya kafa Alƙahira a 969, da Kafuru mai mulkin Masar wanda ya rasu a 968, da Badruddini Lu'ulu'u sarkin Mausil wanda ya rasu a 1259, duk da ƙangin bauta suka fara. Sunan yana yabon yaron, amma yabo irin na mai kaya ga kayansa. Sa'an nan tun da ba a kula da sunan ubansa ba, sai a ce da shi ɗan Abdullahi kawai. Kadan mai karatu ya gamu da Yaƙutu bin Abdullahi a littafi, kusan ya san labarin mutumin tun kafin a faɗa masa.

Mafi shahara cikinsu shi ne Yaƙutu Alhamawi. An haife shi a ƙasar Rum wajen 1179, aka kama shi yana yaro, aka sayar a Bagadaza ga wani attajiri mutumin Hama mai suna Askar. Daga nan ya sami laƙabin Alhamawi, ba don shi ɗan garin ba ne. Ubangidan nan ba shi da ilmi sosai, sai ya sa yaron makaranta domin ya riƙa tsare masa lissafin ciniki, ya kuma riƙa aikensa fatauci. Wajen 1199 ya 'yanta shi. Yaƙutu ya koma kwafar littattafai yana sayarwa, ya yi yawo ƙasa-ƙasa, har ya zauna kimanin shekara biyu a Marwa yana cin moriyar ɗakunan littattafanta, kafin labarin rundunar Mangol ya kore shi yamma. Ya rasu a Halab a 1229, ya bar Mu'ujamul Buldan, ƙamus na sunayen garuruwa da ƙasashe wanda masu binciken tarihin ƙasashenmu ke komawa gare shi har yau saboda abin da ya tattara game da Kanem da Zagawa. Abin lura gare mu shi ne wanda Ibn Khallikan ya ruwaito, cewa da mutumin ya yi suna sai ya so a riƙa kiransa Yaƙubu. Harafi kaɗan ne tsakani a rubuce, amma ɗaya sunan Annabi ne, ɗaya kuwa tambarin bauta. Duniya ba ta bi shi ba, da Yaƙutu ta san shi.

Na biyu shi ne Yaƙutu Almusta'asimi, bawan Almusta'asimu, halifan Abbasiyawa na ƙarshe a Bagadaza, wanda Mangol suka kashe a 1258. Bawan ya tsira, ya rayu har wajen 1298, ya zama gwanin marubuta na zamaninsa. Shi a kan jingina wa fiƙe alƙalami a karkace, abin da ya ƙara wa haruffa siranta da kauri, kuma marubutan Turkiyya da Farisa sun daɗe suna kai salsalar malamansu gare shi. A Hindu kuma akwai Jamaluddini Yaƙutu, Bahabashe, shugaban bargar Sarauniya Raziya ta Delhi. Fifikon da ta ba shi ya harzuƙa manyan fadawa Turkawa, aka kashe shi a 1240, ita ma ba ta wuce shekarar ba.

Murjani ma da haka ya fara. Marjan wanda ya gina makarantar nan ta Bagadaza a 1357, mai ɗauke da sunansa, baran fadar Jalayirawa ne, kuma baiwar nan mai wayo ta cikin labarin Ali Baba sunanta Marjana. Masu tafsiri sun yi saɓani a kan ma'anar kalmar, waɗansu suka ce ƙananan lu'ulu'u ne, waɗansu suka ce jan abin nan ne mai rassa da ake cirowa daga ƙarƙashin teku. Ma'ana ta biyu ita ce ta zauna a kasuwa. A gaskiya murjani ba dutsen ƙasa ba ne, ginin waɗansu ƙananan halittun ruwa ne, amma masu ado ba su taɓa damuwa da wannan ba. Ana ciro shi a gaɓar Bahar Rum, a Marsal Kharaz ta ƙasar Aljeriya da kuma Sabta, kuma Al'idirisi, wanda ya gama littafinsa a 1154, ya faɗi cewa daga Sabta a kan kai shi Gana da sauran ƙasashen baƙar fata.

A ganina nan ne amsar tambayarmu take. Yaƙutu na sarakunan nesa ne, Bahaushe ya san shi a allo da bakin mai wa'azi. Murjani kuwa ayari ya kawo shi, ya shiga lefe, ya hau wuyan amarya, uwa ta bar wa 'ya. Da aka zo raɗa suna, abin da ido ya sani kuma Alƙur'ani ya ambata shi ya ci. Aka ɗauki siffar mace ta Larabci tare da wasalinta na ƙarshe, kamar yadda aka yi a A'ishatu da Hadizatu, ta zama Murjanatu, a gida kuma a taƙaita a ce Murja.

Wani abin kuma, sunan ya ƙetaro Sahara amma ƙurar bautar da ke jikinsa ba ta biyo shi ba. Hausawa suna da tasu hanyar sa wa bayi suna, galibi da addu'a ko godiyar ubangida, irin su Barka, da Nasamu, da Allah-bar-Sarki waɗanda aka sani a fadar Kano. Tun da gurbin nan a cike yake, Murjanatu ta zama sunan yanka na 'ya'ya, malami ya raɗa wa 'yarsa, sarki ma haka.

Akwai jan dutse na uku wanda bai fito daga teku ko Sarandib ba, shi ne lantana. A da a kan haƙo shi kusa da kogin Kwara a ƙasar Nijar ta yanzu, fatake Hausawa su kai shi tsohuwar Oyo, bayan faɗuwarta wajen 1835 kuwa sana'ar huda shi da goge shi ta koma Ilori. Lantana har wa yau sunan mata ne a ƙasar Hausa, sai dai ba ya cikin sunayen da liman ke faɗa ranar suna, a cikin gida ake samunsa.