Mota ko Jirgin Ƙasa: Yadda Lissafin Matafiya Ya Sauya Tsakanin Kaduna da Abuja

Tun da fadar gwamnatin Nijeriya ta koma Abuja a Disambar 1991, ma'aikata da yawa suka raba ƙafa: iyali a Kaduna, aiki a Abuja. A wancan zamani tafiyar ba ta bukatar dogon tunani. Mutum ya nufi tashar Kawo ko ta Mando, ɗan kamasho ya karɓi jakarsa, a jira Fijo ta cika, cikin kamar awa biyu an sauka a Zuba, mashigar Abuja. Kuɗin mota da lokacin tashi, su ne kawai abin dubawa.

Layin dogo ya ratsa yankin Kaduna tun kafin ya isa Kano a 1911, sai dai tsohon layin bai bi ta Abuja ba. Sai a Yulin 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da sabon layi mai tsawon kilomita 186 daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, wanda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya shimfiɗa. Da farko masu motar kansu sun yi masa kallon hadarin kaji. Tashoshin biyu na bayan gari, ga jirgi da ƙayyadadden lokaci, ba ya jiran kowa.

Masu garkuwa da mutane ne suka juya lissafin. Da suka addabi hanyar mota, musamman wajen Rijana da Katari, sai manya da ƙanana suka yi dafifi a tashar jirgi. Tikiti ya yi wuya, 'yan bayan fage suka riƙa ninka kuɗinsa, har aka koma sayar da shi ta intanet a Janairun 2021.

Sai dai jirgin ma bai tsira ba. Ranar 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka tayar da bam a kan layin, suka kashe fasinjoji, suka yi awon gaba da wasu da dama. Jirgin bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba. A ɗaya ɓangaren, aikin gyaran titin da aka faro a 2018 ya ƙara wa mota jinkiri, janye tallafin mai a Mayun 2023 kuma ya ƙara mata tsada.

Shi ya sa matafiyin yau, kafin ya tambayi nawa ne kuɗin mota, sai ya fara kiran wanda ya riga shi tafiya ya ce: "Yaya hanya?" Amsar da ya samu ita ke zaɓa masa abin hawa.