Samanja Mazan Fama: Banufen da ya shigo da bariki cikin gidajenmu

Ranar 12 ga Nuwamba, 2023, Allah ya yi wa Alhaji Usman Baba Pategi rasuwa a Kaduna. Da yawa daga dattawan Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar ba su gane wanda ake nufi ba sai da aka ce Samanja. Nan take fa aka shiga salati, don muryarsa ta daɗe tana kwana a zaurukanmu.

Ba Bahaushe ba ne. Banufe ne, ɗan gidan sarautar Pategi da ke Jihar Kwara ta yanzu. Ya taɓa aikin gidan rediyo a Kaduna, sannan ya shiga soja a shekarun 1960, ya ga yaƙin basasar da aka gwabza daga 1967 zuwa 1970 da idonsa. Yaƙin nan ya kumbura rundunar Najeriya daga dakaru wajen 10,000 zuwa kusan 250,000, har ya zama da wuya a sami gari a Arewa da bai ba da ɗa ba. Samarin suka dawo gida da wata irin tafiya, da tsawa, da Hausa mai karyayyen ƙashi. Wannan duniyar ce Usman Baba ya ɗauko ya mayar wasa. Shi ke tsara labari, shi ke jan ragamar 'yan wasa, shi kuma ke fitowa a matsayin Samanja.

Kafin shi an yi magabata. Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959, ga kuma Jatau Na Kyallu, duk suna jan kunne kan rayuwar birni. A zamanin Samanja kuwa akwai Ƙasimu Yero da Umaru Ɗanjuma Kasagi, mai Kulɓa Na Ɓarna. Amma Samanja ya taɓo inda ake shakkar taɓawa. A tuna, daga 1966 zuwa 1979 soja ke mulki, suka sake dawowa a ƙarshen 1983. Talaka in ya hango kaki, kaucewa yake yi. A cikin wannan yanayi ne mutum ya sa kakin, ya fito a talabijin ɗin Kaduna da Rediyon Kaduna, yana daka wa kurata tsawa a filin fareti, ya koma gida rigimar iyali ta sha kansa kamar kowa. Mutane suka yi dariya har da hawaye, su ma sojojin suka yi. A ganina babban aikinsa ke nan, ya nuna mana cewa a cikin kakin akwai ɗan'adam mai bashi, mai kishi, mai jin yunwa.

Sai harshe. Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki tun zamanin Turawa, inda Batibi da Bayarabe da Bazabarme ke haɗuwa a kanta, kowa da irin tasa. Samanja bai gyara wannan Hausar ba, bai ji kunyarta ba. Ya cakuɗa ta da guntayen Turanci yadda kurata ke yi, har yara suka riƙa kwaikwayonsa a tashe da wasannin makaranta. A can Amurka ma Luis Valdez ya yi makamancin haka, lokacin da ya kafa ƙungiyar wasan leburorin gona a Kalifoniya a 1965, yana gauraya Sifaniyanci da Turanci yadda mutanensa ke magana.

Mu nan ƙasar Gumel, wadda ke cikin Jihar Kano har 1991, rediyo ne ya fi kawo mana shi, don akwatin talabijin sai gidan wane da wane. Rediyon kuma bai san kan iyaka ba. Mai sauraro a Maigatari da ɗan'uwansa na tsallake a Nijar dariya ɗaya suke yi, su haɗu a kasuwar Alhamis suna maimaita abin da Samanja ya faɗa.

Da finafinan bidiyo suka kunno kai da Turmin Danya a 1990, sun tarar da jama'ar da ta riga ta saba zama ta kalli rayuwarta da harshenta. Samanja da tsararrakinsa ne suka share wannan fili. Abin da ke damuna yanzu shi ne faya-fayen shirin. Ya kamata gidajen NTA da Rediyon Tarayya na Kaduna su tattara abin da ke hannunsu, su juye shi a na'urorin zamani, tun kafin zafi da ƙura su cinye.