Giado, Jadu da "Rage Cunkoso"

Wanda ya taso daga Ghuddwa, a kudancin Sabha, ya nufi arewa kamar ayarin da, sai ya ƙure Fezzan kafin ya hango duwatsun Nafusa. A can akwai garin da mutanensa ke kira Jadu. Italiyawa suka rubuta shi Giado, domin a wurinsu "gia" ita ce "ja". Garin ya riƙe sunansa. Rubutun Italiyawan kuwa ya manne wa sansanin da aka tsare Yahudawan Bangazi da kewayenta, kimanin 2,600, a 1942.

Me aka kira kwashe su? Umarnin Mussolini na Fabrairun 1942 ya zo da kalmar sfollamento. Tushenta folla, wato taron jama'a, sai aka maƙala mata "s" na cirewa. Da Hausa, "rage cunkoso". Ka ji kalma mai ladabi, sai ka ce ta sarkin kasuwa ce ranar da rumfuna suka yi yawa! Mutum 562 ne suka mutu a wannan ragin, akasari da yunwa da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa.

Babban bala'in kisan Yahudawan kansa, wato Holokost, sunayensa ba su jitu ba. Holokost daga Girkanci take, asalinta hadayar da wuta ta cinye ƙurmus, shi ya sa wasu Yahudawa ke ƙyamarta: hadaya ga wa? Larabci ya ce mahraƙa, ya ɗauki wutar ya bar hadayar. Ibrananci ya ce Shoah, masifa mai shafe komai. Masu Yiddish suka ce khurbn, kalmar da tun da can ake kiran rushewar Haikalin Ƙudus da ita, 'yar'uwar kharab ta Larabci. Kunne zai so ya haɗa ta da ƙurban. A'a, ba dangi ba ne.

Wanda ya fita da rai fa? Ibrananci ya ce nitzol, wanda aka kuɓutar. Marubuci Primo Levi ya sa wa littafinsa na 1986 suna I sommersi e i salvati, waɗanda suka nutse da waɗanda aka ceta. Duka biyun sun ɗora aikin a hannun wani. Hausa kuwa ta raba "an cece shi" da "ya tsira", ta kuma tanadi "ya sha da ƙyar", wadda ba ta yabon kowa. A ganina ita ta fi dacewa da 'yan Giado, domin sojan Ingila sun iso a Janairun 1943, amma zazzaɓin ya ci gaba da kisa bayan isowarsu.

Adabi ya yi jinkirin waiwayo su. Yossi Sucary, wanda danginsa na uwa 'yan Libiya ne, sai a 2013 ya fitar da ƙagaggen labarinsa na Ibrananci, Benghazi–Bergen-Belsen, ya haɗa gari na Afirka da sansani na Jamus a suna ɗaya. Littafin ya ci lambar yabo ta Brenner a 2014.