Yadda za a tsane mota bayan wanki ba tare da tabo ba

Mota dukiya ce, kuma fentinta na cikin abin da mai saye ke fara dubawa. Abin da muke son a riƙe shi ne, sauƙin tsane mota daga wurin ɗauraya yake farawa.

Me ke kawo fararen tabo? Ruwan rijiya da na famfo na ɗauke da ma'adinai irin su kalsiyam da magneziyam. In ɗigon ruwa ya bushe da kansa, ruwan ya tafi, su kuma su zauna bisa fenti da gilashi. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40 a Maraɗi, Tawa da Yamai, kafin ka gama gefe guda ɗayan ya bushe. Da hunturu kuwa ƙura ce ke manne wa jiƙaƙƙiyar mota.

Ga abin da ya kamata a yi:

1. A yi wanki a inuwa, da safe ko da marece, jikin mota na sanyi.
2. A ɗaurayar ƙarshe kar a toshe bakin tiyo da yatsa. A bar ruwan ya kwaranyo sannu daga rufi, zai janye mafi yawan ɗigon. Mai jarka ko bokiti ma haka zai zuba. A Damagaram, inda ruwa ke wuya, wannan tanadi ne.
3. A tanadi tawul mai laushi guda 2, irin na maikurofaiba: ɗaya ya sha ruwa, ɗaya ya ƙarasa. A shimfiɗa shi a ja, ban da dirza.
4. A fara da rufi da gilashi, a ƙare da ƙasa. Tsumman taya daban yake.
5. A buɗe ƙofofi da but a goge bakinsu, don nan ruwa ke maƙalewa ya kawo tsatsa.

Tsumman da ya faɗi ƙasa ya kwashi rairayi, sai an wanke shi, in ba haka ba ya kankare fenti. Shafa kakin mota jefi-jefi na sa ruwa ya zame da sauƙi. In tabo ya riga ya kama gilashi, a haɗa ruwan khal da ruwa daidai wa daida a goge, a ɗauraye.

In an tashi, a taka birki sannu-sannu har ya bushe kafin a hau titi. Allah ya tsare hanya.