Takardar Albashi da Ƙofar Asibiti: Waiwaye a Kan Tarihin Neman Magani a Ƙasar Gwarzo da Kabo

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bi sawun wani abu guda da ya daɗe yana gudana a tarihin aikin asibiti a ƙasar Kano, watau yadda samun magani ya riƙa bin irin aikin da mutum yake yi. Wanda sunansa yake cikin takardar albashi, an tanadar masa hanya tun kafin ya kwanta ciwo. Wanda kuwa yake ci daga gumin yininsa, sai ya laluba aljihunsa. Zan dubi al'amarin ne daga Masanawa, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Kabo, maƙwabciyar Gwarzo, a yammacin Jihar Kano. A ƙidayar 2006, Kabo tana da mutane sama da 150,000, Gwarzo kuma sama da 180,000, galibinsu manoma. Wannan yanki kusa yake da birni ga mai neman aikin lebura, amma da nisa ainun ga mace mai naƙuda da tsakar dare.

Zamanin Turawa da En'e

Da Turawa suka ci Kano a 1903, likitocin da suka zo tare da su an ɗauke su ne domin su kula da lafiyar Turawan, sa'an nan sojoji da akawuna. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai ma'aikatan reluwe suka shiga sahu. Ke nan tun ran gini tun ran zane: likita na ma'aikacin gwamnati ne. A birnin Kano aka sami asibiti iri biyu. Na Nasarawa na Turawa ne. Na cikin birni kuwa, wanda aka sa wa sunan Murtala Muhammad bayan rasuwarsa a 1976, En'e ce ta gina shi a ƙarshen shekarun 1920, zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

A nan ya kamata mu tambaya, da kuɗin wa aka gina shi? Da kuɗin Baitulmali, shi kuwa Baitulmali haraji da jangali ne suke cika shi, waɗanda dagatai da masu unguwanni suke tarawa gida gida a ƙauyuka. Manomin ƙasar Gwarzo ya sayar da gyaɗarsa ya biya haraji, kuɗin ya tafi birni ya zama asibiti. Tsakanin Gwarzo da Kano kuwa akwai kimanin kilomita 70, watau tafiyar kwana biyu a ƙasa ko a kan jaki ga mai lafiya, balle majiyyaci.

'Yan mishan, waɗanda suka cika wannan giɓi a kudancin Nijeriya, an daɗe ba a ba su damar aiki cikin masarautun Musulmi ba. Ko da aka sassauta, ayyukan mishan ɗin SIM, irin su asibitin kutare na Yadakunya da suka karɓa a 1937 da asibitin ido da suka buɗe a 1943, duk a kewayen birni suke. Abin da ya kai ƙauye shi ne ɗakin shan magani na En'e, wanda aka fara yi a manyan garuruwan hakimai daga shekarun 1930, sai kuma mai lamba da dubagari. Sauran jama'a suka ci gaba da dogara ga wanzami da ungozoma da maɗori da rubutun malam.

An sha rubutawa cewa jahilci ne ya hana mutumin ƙauye zuwa asibiti. Ban musanta cewa akwai tsoro da rashin yarda ba. Amma a nawa ɗan ganin, akwai lissafi a ciki wanda marubutan ba su yi ba. Wanzami har gida yake zuwa, kuma yakan jira sai kaka a ba shi daminsa. Tafiya birni kuwa tana cin guzuri, tana ɗauke mutum biyu daga gona, majiyyaci da mai jiyya.

Cin rani da ƙofar kamfani

Noman damina ba ya riƙe gida shekara guda a ƙasar da mutane suka yi yawa, gonaki suka yi ƙanana. Wannan shi ne abin da Polly Hill ta nuna a bincikenta na Ɗorayi da aka buga a 1977, kuma ko da yake ƙasar Kabo ba ta kai Ɗorayi cunkoso ba, al'adar cin rani tsohuwa ce a can. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975, su suka mai da cin rani tilas. Dalar gyaɗa ta ɓace, samari suka nufi Bompai da Sharaɗa, daga baya kuma Challawa. Paul Lubeck ya yi nazarin waɗannan leburori a littafinsa na 1986.

A ƙofar kamfani ma mutane iri biyu ne. Akwai wanda aka ɗauka aiki na dindindin, yana da lamba, manyan kamfanoni kuma sukan tanadar masa ɗakin magani ko likitan da za a tura shi. Akwai kuma ɗan kullum, wanda yake tsayuwa bakin ƙofa da sassafe a nuna shi da yatsa ko a tsallake shi. Tun 1941 akwai dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, to amma wa zai tsaya wa ɗan dako a kasuwar Kwari, ko ɗan ga-ruwa, ko mai haƙar yashi? Ba shi da ubangidan da doka ta sani. In ya karye, gida yake komawa, jiyyarsa ta faɗa kan rumbun da ya bar gida domin ya sauƙaƙa masa.

Kuɗin man fetur ya kawo gine-gine. Gwamnatin Audu Baƙo, daga 1967 zuwa 1975, ta shimfiɗa hanyoyi da madatsun ruwa, shirin raya ƙasa na uku kuma, na 1975 zuwa 1980, ya yi alkawarin ƙananan asibitoci a kowane yanki. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Sai dai daɗin bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi, har sojojin da suka yi juyin mulki a ƙarshen 1983 suka kafa hujja da cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai, babu magani. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta zube, magani kuwa galibinsa daga waje ake sayo shi ko ake sayo kayan haɗa shi. Ministan lafiya na lokacin, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ya yi ƙoƙari ƙwarai wajen kai kiwon lafiya matakin farko ga ƙananan hukumomi, wannan ba a ƙwace masa ba. Amma tsarin Bamako na 1987, wanda aka bi, ya ginu ne a kan majiyyaci ya sayi magani domin kuɗin su riƙa juyawa. A daidai waɗannan shekaru masana'antun Kano suka fara sallamar ma'aikata da rufewa. Ranar da aka ce wa talaka ya biya, ita ce ranar da abin biyan ya ƙwace masa.

Ciwo ma yana da lokacinsa. Zazzaɓin cizon sauro yana tsananta ne daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, sa'ad da hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, ɗan abin da ke hannu kuma ya tafi ga taki da 'yan ƙwadago. Sanƙarau kuwa da bazara yake zuwa, kamar annobar 1996, lokacin da magidanta da yawa suna wurin cin rani, an bar mata da tsofaffi ba mai yanke shawarar a ɗauki yaro zuwa Gwarzo. Saboda haka mai kemis ya zama likitan ƙauye, domin yana sayar da ƙwaya biyu ga wanda ba ya iya sayen kati guda, kuma yana ba da bashi.

Abin da yake zuwa ƙauye kyauta har ƙofar gida shi ne rigakafi. Ta wannan hanya aka kau da agana, aka kuma tabbatar a 2020 cewa an rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Amma lokacin da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004, cikin dalilan da iyaye suka riƙa faɗa har da wannan: don me ake bin su gida da maganin da ba su nema ba, alhali in yaro yana zazzaɓi sai sun biya? Elisha Renne ta tattauna wannan a littafinta na 2010.

Inshora

A 1999 aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, aka ƙaddamar da ita a 2005. Da wa aka fara? Da ma'aikatan gwamnatin tarayya. Tsarin shi ne ma'aikata ta zuba kashi 10 cikin 100 na ainihin albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 5, a duba shi da matar aure ɗaya da 'ya'ya huɗu. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san wannan awo ba da shi aka yi ba. Bayan shekara goma, waɗanda shirin ya ɗauka ba su kai kashi 5 cikin 100 na 'yan ƙasa ba, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata yake fitowa. Jihar Kano ta yi tata dokar a 2016, ita ma da ma'aikatanta ta fara. Mu da muke wannan zaure galibinmu muna ciki, shi ya sa abin ba ya yi mana ƙaiƙayi.

An yi gyare-gyare. Dokar lafiya ta 2014 ta ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci da marasa ƙarfi, dokar 2022 kuma ta wajabta inshora a kan kowa. Amma alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2023 sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki ba su da irin aikin da ake rubutawa a takarda. Har a cikin ƙananan asibitocin karkara, sau da yawa wanda yake yin allurar ɗan sa-kai ne ko ma'aikacin wucin gadi, mai jiran a ɗauke shi.

Inshora wata wata take cire kasonta, domin an auna ta ne da albashi. Manomin Masanawa kuwa kuɗinsa mai kauri sau ɗaya yake zuwa a shekara. En'e ta san haka sarai. Tana da sunan kowane baligi a kowace unguwa cikin littafin haraji, kuma takan jira sai an kai gyaɗa sikeli sa'an nan ta aiko a karɓa.